Fannami da Rabin Ɗan Kokowa

Duk wanda ya yi waya a Diffa wajen shekarar 2006 ya san Fannami mai telesantar, wato shagon buga waya, dogon nan mai tabarau da ke tafiya kamar shi ya ƙera iska. Farantin tauraron ɗan adam guda gare shi a kan rufi. Ta nan kiran ƙasar waje ke bi, ta nan ordinatoci uku, wato kwamfutoci, ke shan rezo na intanet, hanyar kuwa siririya ce kamar kwale-kwalen tsallaka kogin Komadugu. Da an yi mata lodi sai murya ta riƙa zuwa gutsi-gutsi, wata kalma ta makara, wata ta faɗa ruwa. Saboda haka ya kafa doka: da mutum ya shiga ɗakin waya, yakan zare igiyoyin ordinatoci. "Hoto yana iya jira," in ji shi, "murya ba ta jira." Ya faɗi wannan har kunnuwanmu suka gaji.

Wata Talata da hantsi Yakaka, tsohuwa mai noman tattasai, ta iso daga Geskeru. Ɗanta Maikano yana asibiti a Libiya, gobe za a yi masa aiki a ciki, ya ce ba zai kwanta gaban wuƙa ba sai uwarsa ta yafe masa. Fannami kuwa yana sauko da hoton gwaninsa na kokowa, awa guda yana gadi a gaban ordinato, hoton ya fito daga kai zuwa kafaɗa. Ya dubi igiya, ya dubi kafaɗa. Ya bar igiya.

"Na yafe maka, duniya da lahira!" Yakaka ta yi ta faɗi. Can kuwa Maikano sai tambaya yake, murya a tsinke: "Iya... kin... yafe?" Har kiran ya mutu bai ji ba.

Ta fito tana share ido da mayafi, ta ce, "Ɗana, ba laifinka ba ne, iska ce." Gwanin doka ya sunkuyar da kai ya ce, "Iya, ba iska ba ce. Ni ne ban zare igiya ba, ina sauko da hoto."

"To nuna min abin da ya fi ɗana."

Ya juya mata allon. Ta daɗe tana kallo.

"Wannan ko ƙafafu ba shi da su! Da me zai ka da mutum?"

Aka sake kira, ba a samu ba. Kwana uku Yakaka tana shimfiɗa tabarma a ƙofarsa, tana ba duk mai shigowa labarin, Fannami na zaune da igiyoyi uku a hannu kamar mai kiwon awaki, ba ya iya ɗaga ido. Rana ta huɗu waya ta yi ƙara. Maikano ne, ya farfaɗo, muryarsa tar kamar yana bayan zana.

"Iya, kin yafe?"

"Tun Talata! Wani mai tabarau ne ya riƙe saƙon."

Yau kansa ya yi furfura, amma har gobe in ya gifta kasuwar tattasai mata na tambayarsa ko ƙafafun sun iso.