Yashen Kanal a Shekarar Arahar Shinkafa

Ni mai sayar da abinci ce a bakin tasha, a Talata Mafara. Shinkafa da wake da safe, shinkafa da miya da rana. Ban shiga aji ba sai da na aurar da 'yata ta fari, sannan na je makarantar manya na zauna benci ɗaya da sa'o'in ƙannena, ina riƙe alƙalami kamar muciya. Saboda haka wanda yake neman bayanin tattalin arziki irin na masu magana a rediyo, ya nemi wani wurin. Ni abin da idona ya gani zan faɗa.

Bayan man fetur ya yi tsada, komai ya bi shi, amma shinkafa ta fi kowa gudu. Na ga magidanta sun tsaya gaban tukunyata, su tambaya, su ce bari su je su dawo, kuma ni da su mun san ba za su dawo ba. Na yi ta rage cokali har na fara sunkuyar da kai in zan miƙa wa mutum faranti. Masu dako da suke cin abincina tun ina budurwar kasuwa suka koma rogo da ƙuli.

Ana cikin haka sai muka ji a rediyo cewa gwamnati ta ɗage harajin shigo da shinkafa da masara da alkama daga waje. Ni harajin da na sani shi ne tikitin kasuwa, sai jangalin da kakanni suke ba da labari. Na tambayi malamarmu, ta ce in ɗauka an buɗe ƙofa ne, abincin waje zai shigo da sauƙi, na gida kuma dole ya sauko ya same shi. Ba a ranar ba, ba a watan ba, amma ya sauko. Direbobin tasha wasu suka ce siyasa ce, wasu suka ce ko siyasa ce dai cikinsu ya shaida. Mata suka yi ta sa albarka. Ni kuwa na yaba da babbar murya, kuma har yau ban janye ba. Wanda bai taɓa tsayawa bayan tukunya yana kallon idon mai jin yunwa ba, kada ya zo ya koya mini.

Sai dai ina da yaya, uwa ɗaya uba ɗaya, a wani ƙauye kusa da Bakura. Mijinta ya rasu ya bar mata gona a cikin filayen noman rani na Bakolori, da ita take ci da kanta da jikokin da ke hannunta. Gonar tana can ƙarshen layi, wurin da manoma suke kira wutsiya. Ruwa yakan fito daga babban kanal ya shiga ƙarami, ya bi ta gaban gonakin mutane ɗaya bayan ɗaya, sai ya wuce kowa sannan ya iso wurin Yaya. Kafin kowane rani ƙaramin kanal ɗin yakan cike da laka da ciyawa, sai an yashe shi. A layinsu kuwa akwai al'adar da suka gada: kowa shi yake yashe gaban gonarsa. Ba ka sa shebur a gaban wani sai mai wurin ya zo da kansa ya fara, ya ba da izini a gaban mutane. An taɓa yin rigimar iyaka a da, wani ya yashe gaban maƙwabcinsa shekara da shekaru, daga baya 'ya'yansa suka ce ai wurin nasu ne. Tun daga nan yashe gaban wani ya zama kamar ka ce kana da rabo a gonarsa. To in mutum ɗaya ya ƙi zuwa, ruwa ya tsaya a nan, na ƙasa da shi sai dai su kalli sama.

A shekarar nan kuwa ba mutum ɗaya ba ne. Farashin shanshera, wato shinkafar da ba a kai inji ba, ya faɗi warwas, manoman layin da yawa suka ce ba za su yi noman rani ba. Wanda ya fi kowa ɗaga murya ɗan kawuna ne, taubashina, wanda gonarsa take tsakiyar layin. Tun muna yara kowa yake cewa ɗaya ne bawansa, har muka yi furfura ba a raba gardamar ba. Duk ranar Talata in ya ci kasuwa sai ya biyo ta rumfata.

Ran nan ya jingine babur ya zauna. Muka gaisa yadda ya kamata, ya tambayi gida da yara da gajiya da kasuwa, na tambayi iyalinsa da mutanen ƙauye da jikin Kawu. Da gaisuwa ta ƙare sai ya ce, "To baiwata, zuba mani shinkafar gwamnatinki in ɗanɗana."

Na ce, "Yaushe bawa ya fara zaɓen abinci? Ci abin da anka ba ka."

Ya kai loma biyu ya fara. "Taki na nan sama. Mai na nan sama. Masu dashe ba su rage ko kaɗan ba. Shanshera kaɗai anka kamo anka kayar ƙasa. In noma in ba wa? Wallahi bana ko ƙwaya guda ba ni dasawa."

"Ka dai ce kun saba da tsada. Sa'ad da mutane ka kwana da yunwa, ba ku munka gani da sabbin babura ba?"

"Wanga ƙwaraɓaɓɓen shi na sabo? Ke, ni ban ce ɗiyan kowa su kwana da yunwa ba. In za a sauke, a sauke duka. A sauke taki, ki gani in ban ciyar da Mafara ba."

Maganarsa akwai gaskiya a ciki, na sani, amma ba ita ce a raina ba. Na ce, "To gabanka fa? Wa ka yashe shi? Yaya na can wutsiya."

Ya ce, "Ki ce ma gwamnatinki ta shigo maku da ruwa daga waje, tunda ta cire haraji."

Duk rumfar aka kwashe da dariya. Ni ban yi ba. Na miƙa hannu na ɗauke farantin daga gabansa da sauran abinci a ciki, na kife shi a bokitin wanke-wanke. Ya dube ni, ya lashe yatsunsa, ya hau babur ya tafi.

Na je wurin Yaya a makon. Na tarar ta riga ta yayyafa iri a bayan gida, kusa da rijiya, tana ba shi ruwa da bokiti, ya fito kore shar yana jiran dashe. Ita ba ruwanta da farashi sosai, don abin da take nomawa yawancinsa ciki yake tafiya. Amma in ruwa bai iso ba, babu na ci, babu na sayarwa. Ta ƙara gaya mini abin da ya fi tayar mini da hankali. Gonar da take gab da tata ta wani dattijo ce da ƙafafunsa suka gaza, ya koma wurin ɗansa a Faru, can ƙasar Maradun. Wanda yake noma masa ita ya saki, ya tafi neman wata sana'a. Ko kowa ya zo, wannan gaban ba mai taɓa shi.

Na ce bari in bi su gida-gida. Yaya ta ce, "Ba ki zuwa ko'ina. Sun san ina nan." Haka take tun muna yara, magana kaɗan, kuma in ta faɗa ta zauna.

Ranar da aka tsayar za a yashe kanal, na rufe rumfa, abin da ko ranar sunan jikana ban yi ba. Na ari shebur wurin wani magini maƙwabcina, na shiga motar Bakura, daga can na hau babur. Na ƙudura a raina cewa duk gaban da na tarar ba a yashe ba zan shiga in yashe, wanda zai kai ni gaban mai gari ya kai ni.

Da hantsi na isa. Tun daga nesa na hango kawuna a jere cikin kanal, laka tana tashi tana faɗuwa a gefe. Mutanen da suka rantse ba za su noma ba, su ne a ciki har gwiwa, kowa a gabansa. Kuma ba su daina mita ba. Wannan ya ce an kashe manomi, wancan ya ce shi albasa zai koma in Allah ya kai mu baɗi, wani ya ce ɗansa ya fi shi hankali da ya kama sayar da katin waya. Suna yi suna watso laka. Ban taɓa ganin mutane suna fushi haka suna aiki haka ba.

Gaban taubashina na tarar da shi tas, an ce tun jiya ya yashe. Shi kuwa babu shi. Na wuce ƙasa har gaban dattijon Faru. Ciyawa ta kai ƙirji, laka ta toshe wurin kamar an gina. Waɗanda suka gama nasu suna zuwa su tsaya daidai iyakar, su soke shebur a ƙasa, su zauna. Ba wanda ya ƙetare ko taku ɗaya.

Na ɗaure gyale a ƙugu na nufi ciki. Yaya ta kama bakin zanena. "Ke, kada ki taɓa. So kike a ce gidanmu na neman gonar mutane?"

Na juya kan mazan na ce, "Ku dubi girmanku! Ciyawa ta tsare ku kun zauna kuna kallonta, irin baiwar Allah na can na tsufa bayan gida!"

Wani mai farin gemu ya ce, "Yi haƙuri, ɗiyata. Jira kaɗan." Na ce in jira me? Ya dai nuna hanya da haɓa.

Ba a daɗe ba muka ji ƙarar babur. Taubashina ne, yana tafe a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, ga dattijon a bayansa an ɗaure su tare da rawani don kada tsohon ya zame. Ashe tun bayan sallar asuba ya kama hanyar Faru, hanyar da a zamanin nan mutum ba ya binta sai da dalili da addu'a. Daga baya na ji cewa shi ne kuma ya bi sauran manoman layin ɗaya-ɗaya a cikin makon, har wanda ya ce ko za a yanka shi ba ya zuwa.

Aka kwance rawanin, mutum biyu suka sauko da tsohon, suka tallafe shi har bakin kanal. Sai da aka gaisa da shi tukuna, gaisuwa cikakkiya, kowa ya durƙusa, ni ina tsaye ina ji kamar in fashe. Sannan aka miƙa masa shebur. Bai iya ɗagawa ba. Taubashina ya sa nasa hannun ƙarƙashin na tsohon, suka ɗebo 'yar laka da ba ta fi cikin ludayi ba, suka zubar a gefe. Tsohon ya ce, "Bisimillahi. Jama'a ku shaida, na ba da izini. Ku yashe gabana."

Kafin ya rufe baki maza sun afka. Masu lauje suna gaba suna yanke ciyawa, masu shebur suna biye. Ni ma na shiga, ba wanda ya hana ni yanzu. Taubashina ya dube ni cikin laka ya ce, "Madalla, yau baiwa ta san aikinta."

Na ce, "Ba kai ka rantse ba?"

"Na rantse ba ni dasa shinkafa, kuma ba ni dasawa. Faɗana da gwamnati ne. Mi ya kawo Yaya ciki?" Ya watsa laka gefe, ya ƙara da cewa, "Kuma ki sani, farantina da kinka ɗauke ban manta ba."

Bayan azahar aka buɗe ruwa daga sama. Ya zo a hankali, jaja-jaja, yana tura guntayen ciyawa a gabansa. Ya wuce gona bayan gona da bakinsu a toshe, masu su suna tsaye a kai da shebur a kafaɗa suna kallonsa yana wucewa. Ya wuce ta taubashina, busasshiya, ta tsattsage. Yaya tana bin ruwan a gefe da ƙafa, ba ta gudu, ba ta tsayawa. Da ya iso wutsiya ta tsuguna ta buɗe masa baki da hannunta, ya malala cikin gonar. Can dai ta ɗago ta ce wa mazan, "Allah shi biya." Suka ce amin, suka fara neman takalmansu. Taubashina ya sake ɗaure tsohon a bayansa don ya mayar da shi kafin yamma.

A ranin nan gonaki kaɗan ne suka yi kore a layin, ta Yaya tana cikinsu. Taubashina bai dasa ba, kamar yadda ya faɗa. Maganar haraji kuwa har yau ba mu daidaita ba: ni ina nan a kan cewa an ceci masu ci, shi yana nan a kan cewa an manta da masu nomawa, kuma in ya kawo zancen taki sai in sauya magana.

Da Yaya ta yi girbi ta turara shinkafarta ta kai inji, taubashina ta ba wa rabona ya kawo mini a babur ranar Talata. Na dafa a wata tukunya daban, ban sayar wa kowa ba. Na cika masa faranti har yana zuba, na sa masa nama. Ya cinye tas, ya sha ruwa, ya ce gishiri ya yi kaɗan.