Yajin da ya ɓata wa Kawu Sha'aban suna

Wai don Allah ku kun taɓa ganin an ɗora turmi a kan dutsen kantar kicin an yi daka? To a Daura an yi, kuma kawuna aka ɗora wa laifin.

Kawu Sha'aban ƙanin mamata ne, a Mashi ya tashi, babansa koɗa dutsen niƙa yake yi shi ma ya koya, da injin markaɗe ya cika gari sana'ar ta mutu ya koma gyaran dutsen kanta na gidajen masu hali. In bakin dutse ya ɓalle ko ya tsage sai ya kankaro garin dutsen daga ƙasan kantar inda ido ba ya gani, ya kwaɓa da gam, ya cike, ya bi da reza. Wallahi ko da tocila ba za ka gane wurin ba. Shekara sha ɗaya yana yi ba wanda ya taɓa kuka da shi.

Bayan Babbar Sallah Hajiya Murjanatu ta wajen Kusugu ta kira shi, sun sara ƙashin rago a kan dutsen kantar kicin ɗinta ya tsage. Ya gyara, ya ce Hajiya don girman Allah kar a taɓa wurin nan sai gobe bayan azahar, gam bai sha iska ba. Ta ce to Malam ai mu ba yara ba ne.

Kwana biyu sai ga muryarta a guruf ɗin WhatsApp na matan unguwa wai aikinsa na banza ne ya buɗe. Mamata na ciki ta ji da kunnenta. Wani gida a Sandamu da zai je ranar Asabar suka ce ya bari tukunna, wasu biyu suka daina ɗaga waya.

Ya koma gidan, ya sa reza ya ɓanɓaro gam ɗin, jajir da yaji har da ƴaƴan barkono a ciki! Ya ce Hajiya wannan fa?

Ta ce au, ɗan yajin maigida ne aka daka, ƙaramin turmi ne fa.

Ya ce Hajiya ko tuwo ai ana bari ya huce.

Ta yi dariya ta ce kai Malam Sha'aban ka cika mita, gyara mana kawai.

Kuma ya gyara! Abin da ke ƙona min rai kenan. Har yau ba ta goge muryar ba, ba ta yi wata ba, shi kuma ya ce ba zai yi cacar baki da matar aure ba. Sati uku kenan jakar aikinsa na rataye a ƙusa.

To ni na faɗa. Don Allah duk wanda ya karanta ya tura gaba, musamman in kana da ƴar'uwa a guruf ɗin nan ko wani a Sandamu, su san yaji ne ba aikinsa ba.