Tayar da Na Ƙara wa Keken Bango

Shekara talatin ina aikin zayyanar bango, amma har gobe idan keke ya gifta ni sai na tuna wata Talata a Ƙofar Ruwa. Ku da kuka buɗe ido da siminti, bari in yi muku bayani. Ana kwaɓa ƙasa da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa, a yaɓe fuskar zaure, a fitar da zane da yatsa tun tana ɗanya. In ta bushe, babu gyara sai kankara.

Shekarar da man fetur ya yi tashin gwauron zabo, bayan damuna, Alhaji Nasiru mai sayar da yadi ya kira ni in sabunta fuskar gidan kakansa. Ya ce, "Malam Habu, yadda take nake so. In ta yi kyau, akwai gidajen dangi uku, duk naka ne." Wata biyu rabona da aiki a lokacin, don haka kafin ya rufe baki na ce an gama.

A bangon akwai dagi da agogo, sai wani keke mai tayar gaba kaɗai. Na san ana ce wa gidan Gidan Taya Ɗaya, amma na ɗauka ruwa ne ya cinye ta bayan, 'yan unguwa suka samu abin tsokana. Na ce yau zan share wa zuri'ar nan hawaye. Na fitar da tayar baya zagayayya, har da ƙararrawa na ƙara musu kyauta. Na koma gida ina jin kaina.

Washegari na tarar da Hajiya Yaya, kakar Alhaji, tsaye da sandarta tana kallon bango, Alhaji na gefenta yana susar ƙeya.

Ta ce, "Wane mai karambanin ne ya saya wa Malam taya?"

Na durƙusa na ce, "Hajiya, ai gyara ne."

"Gyaran gangar Auzinawa dai! Shekarar da gyaɗa ta yi kuɗi Malam mijina ya sayi keke, ya kira magini ya sa shi a bango. Magini ya gama tayar gaba ke nan, labari ya zo gyaɗa ta faɗi warwas. Kafin la'asar an sayar da keken an auno gero. Malam ya ce a tsaya nan. Ya hau keke, gaskiya ne, amma bai daɗe a kai ba." Ta nuna Alhaji da sanda. "Da kunun geron nan na yaye uban wannan."

Kunya ta kama ni, na ga gidaje uku suna ɗaga mini hannu. Na hau tsani na kama kankara, masu wucewa suna cewa, "Sannu Malam Habu, faci ake yi?"

Alhaji ya so ya sanyaya zance. Ya ce, "Hajiya, tunda kowa da zamaninsa, ko a sa motata a gefe?"

"Wadda take kan bulo tun da mai ya tashi, ka sayar da tayoyinta? A sa ta, amma a kan bulonta. Kada a manta da kazar da ke ƙwai a ƙarƙashi."

Haka na zana ta, da bulo huɗu da kaza. Hajiya ta yi dariya har da hawaye, ta ce a ba ni sauran gidajen.

Tun ranar na gane cewa bango ba ya wuce aljihun mai gida, kuma ba kowane giɓi ne ruwa ya ci ba. Kafin ku taɓa tsohon zane, ku nemi tsohuwar gidan ku gaishe ta. Gidan kuwa yana nan da sunansa, domin tsakanin keken kaka da motar jika, har yau taya ɗaya ce a bangon.