Makon da Salamatu Ba Ta Salla

Salamatu mai sayar da salati a Gudel ta shekara ashirin da aure babu haihuwa, amma mijinta Isaka bai fid da rai ba. Da al'adarta ta ɗauke bara, sai ta ja bakinta ta yi shiru. Duk wata takan ware mako guda ta ce ba ta salla, don kada ya gane.

A makon ne abin ya fi kama ta. Ladan na ɗaga murya, ƙirjinta zai hau dukan uku-uku, zufa ta jiƙe kallabinta, ta ji kamar wani na tsaye a bayanta. Lokotoro a asibiti ya ce shekaru ne, haka jikin mace ke yi. Ba ta yarda ba, tunda bai san sallolin da ta bari ba.

Wata la'asar, ana tsakiyar makon ƙaryar, ta ɗauki buta a gaban Isaka.

"Har kin yi wanka?" in ji shi.

"Malam, tun bara jinin ya ɗauke."

Sai ya ja tabarmarsa gaba, ya bar mata wuri a bayansa. Ta yi kabbara, ƙirjin bai daina bugawa ba.