Jiran da Talatu Ta Yi

"To ai ke ma jiran kike yi, Inna," in ji Bahijja. "Wata nawa rabonki da ganin al'ada?"

Yelwa ba ta ɗago kai daga turmin tunkuza ba. "Ji min marar kunya. Ni za ki tsare da wannan tambaya?"

"Ai na lura. Azumin bana ko ɗaya ba ki sha ba."

Shekara talatin Yelwa tana matsar man gyaɗa a Kurugu, ita da yayarta Talatu, mahaifiyar Bahijja. Talatu ke suya, Yelwa ke matsa, kuma ko faɗa suka yi da safe, kwano ɗaya suke ci da rana.

Shekara biyu da suka wuce, jiri ya kai Talatu asibiti a Karaye, Yelwa ta raka ta. Nas ta duba takardar gwajin jini ta ce kitse ya ɗan yi yawa. Amma, in ji ta, sinadaran da ke tafiyar da al'adar mace suna sa shi hawa da sauka a cikin wata, don haka ta dawo a sake aunawa da zarar al'adarta ta zo. A lokacin Talatu ta yi wata uku ba ta gani ba. Akwai wani ma'aikaci namiji a ɗakin yana rubutu, sai ta sunkuyar da kai ta ce to. Yelwa ta sani, ita ma ba ta ce uffan ba.

Suka koma gida jira. Kaka ta yi, aka tuge gyaɗa, shiru. Sau ɗaya Talatu ta ce, "Ko mu koma haka nan?"

"An ce sai ta zo, Yaya. Ga buhu biyu ba a soya ba."

Wannan amsar ce Yelwa ba ta daina ji a kunnenta ba. Da Talatu ta fara haki da nauyin ƙirji, Yelwa ce dai ta ce olsa ce, ta jiƙa mata kanwa. Wata Laraba da hantsi Talatu ta zauna kusa da kasko ta ce bari ta huta. Ba ta kai magariba ba.

Likitan da ya duba ta ya ce zuciya ce. Ya ce idan al'ada ta ɗauke, kariyar da take ba jijiyoyin mace tana raguwa, kitsen ya ƙara hawa. Ashe ɗaukewar ita ce babban dalilin komawa.

"Kalma ɗaya fa, Bahijja," Yelwa ta ce a hankali. "Da na buɗe baki a ɗakin nan..."

"Allah Ya ji ƙan Umma. Amma jiya na ga kin tsaya sau biyu tsakanin rijiya da gida."

"Tsufa ne."

"Olsa ce, ko?"

Yelwa ta dube ta kamar za ta yi faɗa, sai ta fasa. Ta goge hannu da gefen zani.

"Wata takwas," ta ce. "Idan mun je, ko maza goma ne a ɗakin, ni zan faɗa da bakina. Karɓi nan, kada tunkuzar ta huce."

Ta miƙa mata muciya, ta yafa mayafi, ta nufi zaure ta gaya wa Malam Jibo, maigidanta, cewa gobe da sassafe zai kai ta Karaye.