Ɗan Dakon da Ya Sha Kunun Jego

Kafin ladan ya kira assalatu, Mijinyawa na tsugune a bakin katifa da kofin ruwa da ƙwaya ɗaya a tafin hannu. Sai matarsa Mansura ta haɗiye yake tafiya masallaci. Katangar langa-langa ce tsakanin ɗakina da nasu, shi ya sa na sani. Tare muke sauke albasa a kasuwar Head Bridge, shekara tara.

Cikinta na fari ya lalace a wata bakwai, da jijjiga. Da ta sake samu, likita ya ce abin nan na gaban wuya, wanda kan kumbura ya zama maƙoƙo, ba ya mata aiki sosai, kuma jininta na iya hawa. A sha ƙwayar kafin a ci komai, a jira. Mijinyawa ba ya ɗaura agogo. Zuwa masallaci, lazimi, layin mai ƙosai, dawowa: lokacin jiran ke nan.

Na ji maza da yawa na cewa suna son matansu. Shi bai taɓa faɗa ba. Na'urar awon jini ya sayo, nas ta rubuta masa lamba a bayan kwali, ta ce in awon ya kai nan a taho asibiti. Bai iya karatu ba, amma wanda ya yi dako ya san lamba. A kasuwa muka sa masa Dokta.

Wata safiya a wata takwas lambar ta wuce, ga ciwon kai. Mansura ta ce bari ta gama wanki. Ya zare bokitin daga hannunta, ya taro keke. Washegari aka yi mata aiki, aka ciro 'ya mace, ƙarama, mai ƙarfin murya. Uwa lafiya.

Ranar suna Baba Baiwa, tsohuwar gidanmu, ta kawo kunun kanwa a ƙwarya. Likita ya hana kanwa, tsohuwa kuma ba a mayar mata da hannu. Mijinyawa ya durƙusa ya karɓa.

"Na mai jego ne, ɗan nan," in ji ta.

"Baba, ai tare muka yi cikin."

"To Allah ya kawo ruwan nono, Dokta."

Mata suka kwashe da dariya har Mansura na riƙe ɗinki. Zan fita ke nan, motar albasa na jirana, na waiwaya. Ya kafa kai a ƙwaryar, bai ɗago ba sai da ya shanye.