Waƙar da Ta Iso Gida

Shekarar da fari ya ƙone geronmu a Tsamaye, Baba ya ce za mu koma Isa neman abinci. Kaka ta ce ƙafarta ba inda za ta. Mu yara kuwa murna muke kamar me, za mu ga mota!

Ana gobe tafiya, da aka idar da magariba, Kaka ta hura wutar kara ta tara mu don ta yi mana tatsuniya.

"Ga ta nan tahe, wa ka tarbonta?"

"Mu ne!" muka kwatsa ihu har akuya ta zabura.

Wai wata yarinya ce uwarta ta kwanta ciwo, ta ce ba abin da take marmari sai waƙa mai daɗi. Yarinya ta ruga kasuwa. Mawaƙi na farko ya cika ta da kalangu, ta karɓi waƙarsa tana rawa, amma kafin ta fita kasuwa ta zube mata. Na biyu ya jero manyan kalmomi, ta ɗauko, tana haye gulbi suka bi ruwa. Tana kuka sai ta ji wata tsohuwa na daka tana rera 'yar waƙa, ba ganga ba ado. Yarinya ba ta ma roƙa ba. Sai da ta iso ƙofar gida ta ji waƙar a bakinta. Uwar na ji ta tashi zaune.

"Wace waƙa ce, Kaka?" na tambaya, har ina tsalle.

"Kai angona, gaggawa gare ka! Ukku za ni ba ku. Wadda duk ta iso Isa tare da ku, ita ce ta ƙwarai."

Ta rera mana, muka yi ta amshi muna tafi.

A hanya biyu suka ɓace mini. Ta ukun, waƙar dakanta ce da na saba ji ban taɓa kulawa ba, ita ta sauka mota tare da ni. Kaka ba ta kai damina ba.

Yau idan na tsaya wurin masu sayar da littattafan waƙa, nakan karanta baiti ɗaya in rufe, in taka zuwa tasha. In ya biyo ni, in dawo in saya. Suna ce mini mai tsurku, wai na cika zaɓe, ban damu ba. Da yawa sun zube a hanya. Tata kam har yanzu tana bakina.